Juyi Biyu da Rabi: Waiwaye Kan Rayuwar Tony Hawk

A shekarun 1976 da 1977 an yi fari mai tsanani a jihar Kalifoniya ta Amurka. Mu abin da muka san fari da shi bushewar gona ne da mutuwar dabbobi. A can kuwa, cikin abubuwan da ya jawo har da tsuke bakin famfo, ta kai masu gidaje da yawa sun bar tafkunan iyo na bayan gidajensu babu ko ɗigon ruwa. Tafkunan nan na siminti ne, an gina su kamar ƙwarya: gindi a zagaye, bango yana hawa a lanƙwashe har ya miƙe tsaye dab da baki. Wasu samari na unguwannin bakin teku a Los Anjeles suka riƙa haura katangar mutane da allunansu masu taya, su faɗa busasshen tafki, su gangaro a guje, su hau bango, su juyo. Ana nan sai suka fara wuce bakin tafkin gaba ɗaya. Tony Alva na cikin na farko da aka gani ya tashi sama da allonsa, ya kama shi da hannu, ya juyo, ya dira a kansa bai faɗi ba. Tun daga lokacin wasan ya bar ƙasa ya koma iska.

Allon da ake magana, wanda zan riƙa kira allon sulu, daban yake da takalmi mai taya da muke ganin samari suna yawo da shi a titunan biranenmu. Katako ne da bai kai mita ɗaya ba, siraran falle bakwai aka manne wuri guda. An liƙa wa bayansa takarda mai kaushi kamar samfefa don tafin takalmi ya kama, a cikinsa kuma akwai ƙarfe biyu, kowanne da taya biyu. Ba birki, ba sitiyari, ba abin da ya ɗaure ƙafar mai hawa. Inda ka karkata jikinka, nan allon zai bi. Masu hawan igiyar ruwa na Kalifoniya ne suka soma shi tun shekarun 1950, don su sami abin yi ranar da teku ta kwanta. Tayoyin farko na ƙarfe ne, daga baya aka yi na wani haɗin yumɓu, kuma ƙaramar tsakuwa ta isa ta tsayar da su cak ta watsar da mutum. Shi ya sa yayin farko bai je ko'ina ba ya mutu. Sai a farkon shekarun 1970 wani mai suna Frank Nasworthy ya fito da tayoyin roba mai ƙarfi da ke kama siminti, wasan ya farfaɗo. 'Yan kasuwa suka ga kuɗi, suka shiga gina filayen sulu masu ramukan siminti irin na tafkunan nan, ana biya a shiga.

Cikin wannan yayi na biyu ne wani yaro ɗan shekara tara a San Diyego ya gaji tsohon allo shuɗi daga wansa Steve. An haifi Tony Hawk ranar 12 ga Mayu, 1968. Ɗan auta ne kuma ɗan tsufa, don mahaifiyarsa Nancy ta haura arba'in lokacin da ta haife shi, mahaifinsa Frank kuwa tsohon matuƙin jirgin sojan ruwa ne. Yaro ne mai ƙiriniya da zafin rai, wanda ba ya yafe wa kansa kuskure. An taɓa samun ranar da ya kasa taɓuka komai a wasan ƙwallon sanda, ya gudu ya ɓuya a wani kwazazzabo, sai da mahaifinsa ya bi shi ya fito da shi. Irin wannan yaro wasan ƙungiya ba ya yi masa daɗi. Allon sulu kuwa ya dace da shi, domin babu wanda zai ɗora wa laifi, babu kuma wanda zai ce masa lokaci ya yi a tashi.

Matsalarsa jiki ne. Siriri ne kamar sillen kara, har matashin kariya na gwiwar hannu yake ɗaurawa a gwiwar ƙafa saboda na ƙafar ya yi masa yawa. A lokacin, mai son tashi sama sai ya taho da nauyinsa da gudu, ya damƙi allon tun kafin ya bar bakin rami, ya fizge shi da ƙarfin damtse. Tony ba shi da nauyin, ba shi da damtsen. Sai ya ari wata dabara da wani yaro a Fulorida, Alan Gelfand, ya ƙirƙiro wajen 1978, wadda ake kira oli: a tashi da allo ba tare da sa hannu ba, ƙafafu kaɗai ke sarrafa shi. Tony ya riƙa yin oli ya tashi tukuna, sai ya kai sama ya miƙa hannu ya kama. Manyan 'yan wasa suka ce wannan ha'inci ne, suka kira salonsa wasan 'yan dabo. Amma wanda ya kama allo a sama yana da zaɓin inda zai kama, da yadda zai murɗa shi, da yadda zai juya jikinsa. Abin da ya yi don rufe rauninsa, shi ne ya zama hanyar da kowa ke bi a yau.

Yana cikin koyo sai kasuwar ta watse. Yara suna karyewa, iyaye suna kai ƙara, kuɗin inshora ya fi ƙarfin masu filaye. Daga 1979 zuwa 1981 aka rufe mafi yawansu, katafila ta cike ramukan da ƙasa. Babbar mujallar wasan, SkateBoarder, ta sauya suna ta koma ba da labarin wasu wasanni. Abokan Tony na makaranta suka jingine allunansu.

A nan ne, a ganina, ya kamata duk mai ba da labarin nan ya dakata ya yaba wa Frank Hawk. Dattijon nan bai taɓa zama ɗan sulu ba. Ya dai ga ɗansa mai wuyar sha'ani ya sami abin da ke kwantar masa da hankali, ya kuma ga abin yana neman ɓacewa. Sai ya kafa ƙungiyar shirya gasar yara ta Kalifoniya a 1980, a 1983 kuma ya kafa ta ƙasa baki ɗaya, NSA, wadda ta riƙe gasar ƙwararru tsawon shekarun da ba mai waiwayar wasan. Shi ne mai kai yara fili da motarsa, shi ne mai tsara jadawali, gidansa kuma masaukin baƙin 'yan wasa. Iyalin suka koma zama kusa da filin Del Mar, ɗaya daga cikin 'yan ƙalilan da suka tsira. Wannan hidima ta zo wa ɗan da tsada: duk gasar da ya ci sai a ce ai ubansa ne mai gasar. Yaron ya sha jin kunyar ganin mahaifinsa a bakin fili, har yakan nisance shi a gaban jama'a. Sai da ya girma ya gane abin da aka yi masa.

Stacy Peralta, ɗaya daga cikin samarin busassun tafkunan nan, ya riga ya haɗa gwiwa da George Powell sun buɗe kamfanin Powell Peralta a 1978. Peralta ne ya hango abin da ke jikin siririn yaron, ya sa shi cikin tawagarsa ta Bones Brigade tare da Steve Caballero da Mike McGill da Rodney Mullen, daga baya Lance Mountain da Tommy Guerrero suka shigo. Tony ya zama ƙwararre a 1982 yana ɗan shekara 14. Ƙwararre a wancan lokaci na nufin a buga sunanka a jikin allo, a ba ka wani abu kan kowanne da aka sayar, kuma cakin farko da ya karɓa na senti 85 ne. Abin da ya juya lamarin kaset ɗin bidiyo ne. A 1984 Peralta ya fitar da bidiyon tawagar na farko, a 1987 kuma ya fitar da The Search for Animal Chin. Wanda ya ga yadda kaset ya ɗaga finafinan Kano a shekarun 1990 zai gane ƙarfin abin. Yaro a ƙauyen da ba fili, ba gasa, ba malami, zai sa kaset ya mayar baya sau ashirin har ya ga inda aka ajiye ƙafa, sannan ya fita ya harhaɗa katako a bayan gida.

Abin da suke harhaɗawa shi ne ya maye gurbin ramukan siminti: wani ƙaton komi na katako, bango biyu suna fuskantar juna, kowanne ya lanƙwaso daga ƙasa ya miƙe tsaye a sama. Na gasa a yau yakan kai mita huɗu. Mai wasa yana kai-komo tsakanin bangayen, yana durƙusawa yana miƙewa a daidai lanƙwasar, kamar yadda yaro ke ƙara wa lilo ƙarfi ba tare da an tura shi ba, har gudun ya cilla shi sama da baki. A nan Tony ya yi sarauta. Babban abokin karawarsa Christian Hosoi ne, mai tashi sama sosai da kyan salo, kuma 'yan kallo da yawa sun fi son Hosoi. Akwai filayen da Tony ke shiga ana yi masa ihu. Shi dai sai ya koma Del Mar ya fito da sabuwar dabara. Shekara goma sha biyu a jere yana zakara a wannan fanni, kuma kafin ya cika shekara 25 ya shiga gasa 103, ya ci 73, ya zo na biyu a 19. Yana ɗan shekara 17, bai gama sakandare ba, ya sayi gida. Daga baya ya sayi wani a Fallbrook mai faɗin fili, shi da mahaifinsa suka gina masa komi a ciki.

Sai ruwa ya ƙare wa ɗan kada. An rufe Del Mar a 1987. Rodney Mullen kuma, tun farkon shekarun 1980, ya gano yadda ake yin oli a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa: a danna wutsiyar allo ta daki ƙasa, a ja ɗaya ƙafar gaba, allon ya tashi tare da mutum. Da wannan, matattakalar bene da bencin siminti da ƙarfen dafawa duk suka zama filin wasa. Yara suka bar komi mai cin katako da kuɗi suka fantsama titi. Sababbin ƙananan kamfanoni, musamman na Steve Rocco, suka mai da Powell Peralta abin tsokana, ga tattalin arzikin Amurka ya yi sanyi. Daga 1991 kuɗin da ke shigo wa Tony ya riƙa raguwa da rabi, ya sake raguwa da rabi. A 1992 ya jinginar da gidansa, shi da Per Welinder suka buɗe kamfanin alluna na Birdhouse, wanda ya ɗau shekaru ba riba. A ƙarshen shekarar aka haifa masa ɗansa Riley. Ya sayar da babbar motarsa ya sayi ƙarama, daga baya gidan Fallbrook ma ya tafi. Ya ware wa kansa dala 5 a rana don cin abinci a shagon Taco Bell, yana karɓar aikin tace bidiyo don a rufa asiri, yana yawon nuna wasa a wuraren ajiye motoci, shi da yaran tawagarsa suna cunkusuwa a ɗakin otal guda.

Waɗannan shekaru huɗu sun fi burge ni a kan duk kofunan da ya ci. Yana ɗan shekara 24 an riga an sa shi cikin tsofaffin yayi, takwarorinsa da yawa sun nemi wata sana'a, ba kyamara, ba 'yan kallo. Amma bai daina hawa komi ba, kuma wasu daga cikin dabarunsa masu wuya a wannan lokaci ya koye su. Da tashar talabijin ta ESPN ta shirya gasar da daga baya aka sani da X Games a jihar Rhode Island a 1995, ta tarar da shi a shirye. Ya ci zinare, miliyoyin mutanen da ba su taɓa ganin komi ba suka gan shi. Frank Hawk ya rasu a wannan shekarar sakamakon kansar huhu, jim kaɗan bayan gasar.

Don a gane abin da ya faru a 1999 sai an ɗan yi lissafi. Cikakken zagaye digiri 360 ne. Wanda ya hau bango yana kallon sama, dole ya yi rabin zagaye, wato 180, kafin ya sauko yana kallon gabansa. Ƙara zagaye ɗaya a kan haka shi ne 540, wanda Mike McGill ya fara yi da wuntsilawa a wani sansanin horo a Suwidin a 1984, aka sa masa suna McTwist. Shekara guda bayan haka, a Suwidin ɗin dai, Tony ya yi 720, zagaye biyu cif, wanda sai an hau bangon da baya. Abin da ya rage shi ne 900, juyi biyu da rabi. Wuyarsa a nan take: mutum na cikin iska na ɗan lokacin da bai kai ƙirga biyu ba, sau biyu yana ba wa wurin dirarsa baya, ba ya ganin komai sai walƙiyar fitilu, kuma ƙarfin juyin na jefa nauyinsa gaba a lokacin da tayoyi za su taɓa katako. Fiye da shekara goma ana farautarsa. Danny Way ya kusa, Tas Pappas na Ostireliya ya kusa, Tony kansa ya karya haƙarƙari a kai.

Daren 27 ga Yuni, 1999, a gasar X Games ta San Faransisko, an kafa komin a bakin teku, ana takarar dabara mafi kyau cikin ƙayyadadden lokaci. Tony ya riga ya yi abin da ya zo yi, wani nau'in 720 mai wuya, ga sauran mintuna. Sai ya gwada 900. Ya faɗi, ya zame a kan gwiwoyinsa, ya miƙe, ya hau tsani. Ya sake, ya sake faɗuwa. Wanda ya kalli hoton daren zai ga fuskarsa: ba ya kallon kowa, ido ya kafe, gumi na bin gefen kwalkwali. Lokaci ya cika, amma ba wanda ya iya cewa a tsaya. Abokan takararsa suka daina nasu wasan, suka tsaya a saman komin suna buga allunansu a katako, wanda shi ne tafin 'yan sulu. Kowace faɗuwa yana gyara abu ɗaya, yana ɗan mayar da nauyinsa ƙafar baya tun yana tsakiyar juyi. Bayan faɗuwa goma ko sama da haka, tayoyin suka dira, ya durƙushe har hannunsa ya shafi katako, jiki ya yi tangal-tangal, sai ya miƙe a kan allon. Jama'a suka yi kansa suka ɗaga shi sama. Yana da shekara 31, kuma ya ce ranar ce mafi daɗi a rayuwarsa. An ba shi lambar farko, abin da wasu suka yi ƙorafi a kai tun da lokaci ya wuce, kuma ƙorafin yana da hujja a ƙa'idar gasa. Sai dai abin da mutane suka riƙe daga daren faɗuwar ce da tashin, ɗaya bayan ɗaya, a gaban kyamara.

Wata uku bayan haka kamfanin Activision ya fitar da wasan kwamfuta mai suna Tony Hawk's Pro Skater. Kafin fitowarsa sun yi masa tayin dala dubu 500 a dunƙule, ya bar musu kasonsa na gaba. Mutumin da bai daɗe da fita daga cin abincin dala 5 ba ya ce a'a. Wasan ya karɓu a duniya, aka yi ta fitar da sababbi, ya zama attajiri, sunansa ya shiga gidajen da ba a taɓa ganin allon sulu ba. Ɗaukakar ta ci nata rabon. Ya yi aure sau huɗu, kuma a fim ɗin tarihinsa na 2022 ya amsa da bakinsa cewa yawon duniya da neman suna sun nisanta shi da iyalinsa shekaru da dama.

Abin da ya yi da kuɗin da sunan ya koma ne kan tsohon ciwon wasan, wato rashin wuri. Yana zagaya Amurka sai ya lura birane sun fara gina filayen sulu na gwamnati, amma galibi a unguwannin masu hali, kuma sau da yawa 'yan kwangilar da ba su san wasan ba ne ke zuba simintin, ba a tambayi yaran da za su hau ba. Yaran unguwannin talakawa kuwa suna titi, 'yan sanda na korarsu. A 2002 ya kafa gidauniya da sunansa, wadda a 2020 ta koma The Skatepark Project. Tsarinta shi ne mutanen unguwa su fara motsawa, yara su je gaban majalisar gari su yi bayani, a sa su cikin zanen filin, sannan gidauniya ta tallafa, kuma filin ya zama na kowa, ba kuɗin shiga. Ɗaruruwan filaye aka gina ta wannan hanya. Mutumin da ya ga katafila ta cinye filayen yarintarsa, ya kuma san fili ɗaya da ya rage ne ya yi shi, ba sai an yi masa dogon bayani kan amfanin wannan aiki ba.

Jikin kuma yana karɓar bashinsa. Haƙoran gaba sun zube tun yana yaro, ya sha buguwar kai, a 2003 ya karya ƙugu ya tsaga ƙoƙon kai. Ranar 27 ga Yuni, 2016, shekara 17 cif bayan daren San Faransisko, ya sake yin 900 yana ɗan shekara 48, bayan faɗuwa mai yawa, ya nuna cewa da wuya ya ƙara. A farkon 2021 ya yi 720 na ƙarshe. A Maris 2022 ya karya ƙashin cinya wajen yin McTwist, dabarar da ya yi dubban lokuta. Ya yi gaggawar komawa kan allo, ƙashin bai haɗe daidai ba, sai da aka sake yi masa aiki. A nan ina ganin nacin da ya ɗaukaka shi ya cuce shi, shi ma kuma bai musa ba.

Wasan da aka fara da haura katanga ya shiga gasar Olamfik a Tokiyo a 2021. Yuto Horigome na Japan ya ci zinaren maza a fannin titi, Momiji Nishiya 'yar shekara 13 ta ci na mata, Rayssa Leal ta Birazil, ita ma 'yar 13, ta zo ta biyu. Tony ya je a matsayin mai sharhi, ya kuma ɗan zagaya filin a kan allonsa kafin a fara. Fannoni biyu aka ɗauka, na titi da na ramin siminti. Komin katako, inda ya yi rayuwarsa, ba ya ciki. Saboda haka a shekarar ya fara shirya gasarsa ta komi a birnin Salt Lake, mai suna Vert Alert, don kada fannin ya sake mutuwa.

A wannan gasa ce, a watan Yuni 2023, wata yarinya 'yar Ostireliya mai shekara 13, Arisa Trew, ta tsaya a saman komi tana neman 720, wanda ba macen da ta taɓa yi a gasa. Ta faɗi, ta hau, ta faɗi. Tony, ɗan shekara 55, yana gefe yana nuna mata abin da za ta gyara, sauran 'yan wasa suna buga alluna. Ta dira. A watan Mayu 2024 ta zama mace ta farko da ta yi 900, a watan Agusta kuma ta ci zinare a Olamfik na Faris tana da shekara 14.